Kilomita Bakwai Zuwa Tasha

Ludwika na kokawa da kwaɗon ƙofar ɗakin tunawa da waɗanda aka kashe a yaƙi wayarta ta sake ƙara, karo na uku tun safe. Pan Lucjan ne (a harshenmu Pan shi ne Malam, Pani kuma Malama), sakataren ƙaramar hukuma, mutumin da ko tattabara ta sauka a dandalin kasuwa sai ya so ya san wanda ya aiko ta.

"Ta iso?"

"Ga ta nan a bayana, Pan Lucjan."

"To kada ki amsa, saurara kawai. Jiya gida shida ta shiga. Shida! Ki nuna mata hotuna, ki ba ta takardar nan mai launi, ki tabbatar ta hau bas ɗin ƙarfe biyu. Kuma ki sa ido a kan jakarta. Irinsu da na'urar ɗaukar magana suke yawo."

Ludwika ta kashe wayar, ta doki ƙofar da kafaɗa, ta buɗe. Warin taki ya tarbe su kamar kullum. Kafin yaƙin duniya na biyu wannan ginin ɗakin ibadar Yahudawan garinmu ne, bayan yaƙi kuma ƙungiyar manoma ta shekara arba'in tana ajiye buhunan takin zamani a ciki. An yi fenti sau uku, warin ya ce yana nan.

Baƙin da ke zuwa wannan ɗaki iri biyu ne a saninmu. Akwai 'yan makaranta, waɗanda ke tauna cingam suna jiran a sallame su. Akwai kuma na ƙasashen waje, su yi kuka, su ajiye ɗan dutse a bakin taga yadda Yahudawa ke yi a kan kabari, su koma motarsu. Da duka biyun Ludwika ta san yadda za ta yi, shekara goma sha tara kenan mabuɗin yana hannunta. Wannan baƙuwar ce ba ta gane kanta ba. Tsohuwa ce siririya mai jar hula, ta ce sunanta Mira Gelbart, daga Sweden take, amma tana magana da harshenmu irin na tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Ta ciro ɗan littafi da fensir, ta tsaya tana jira.

Ludwika ta gyara murya ta fara jawabinta, wanda ko a barci aka tashe ta za ta kawo shi ba gargada. Watan Oktoba na shekarar 1942. Sojojin Jamusawa sun tara Yahudawan garin, mutum dubu ɗaya da ɗari biyu, a dandalin kasuwa tun da safe. Masu ƙarfi suka taka da ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa, kilomita bakwai. Tsofaffi da marasa lafiya da ƙananan yara aka ɗora su a kekunan doki. Daga tasha babu wanda ya dawo, sai 'yan kaɗan da suka diro daga jirgi.

Daga nan sai ta zo wurin da ta fi so. Muryarta kan yi ƙasa a nan, ita ma ta san da haka.

"An umarci manoma su kawo kekuna. Kakana, Walenty, yana cikin waɗanda aka kira. Amma dokinsa ya yi ɗingishi ran nan, bai je ba. Wani Bajamushe ya mare shi a kan haka. A gidanmu har yau muna godiya ga Allah da wannan ɗingishi."

Fensir ɗin baƙuwar ya tsaya.

"Ke ce ta biyar," in ji ta.

"Ta biyar a me?"

"Gida shida na shiga jiya, Pani Ludwika. A huɗu an ce mini dokin gidan ya yi ɗingishi ran nan. A ɗaya an ce ba su taɓa mallakar doki ba, alhali ga tsohon barga a tsakar gida. A na shida kare aka sako mini." Ta yi ɗan murmushin da babu daɗi a cikinsa. "Wace irin annoba ce ta faɗa wa dawakin garinku a rana ɗaya?"

Ran Ludwika ya ɓaci sosai. A wannan ɗaki ita ke magana, wasu su saurara. Kuma in za a faɗi gaskiya, labarin dokin nan ne ya ba ta ƙarfin karɓar mabuɗin tun farko, lokacin da kowa a ofis ya noƙe. Da shi take iya kallon baƙi ido da ido.

"Pani ba ki san yadda ake yi a nan ba," ta ce, tana danne fushi. "Ba son rai ba ne. Akwai sanda."

"Sanda?"

"Sandar layi. Tun zamanin kakannin kakanni. In za a gyara hanya, ko a ɗauko likita, ko a kai fada, limamin coci, wurin mai jinya, mai unguwa zai jingina sandar a ƙofar gidan da layi ya zo kansa. Mai gidan ya fito da doki da keke. Ya gama, sanda ta wuce gida na gaba. In aikin da yawa ne, ta bi gidaje da yawa a yini ɗaya. Jamusawa sun tarar da abin ne a shirye, suka yi amfani da shi."

"A shirye," baƙuwar ta maimaita, ta rubuta.

Wannan rubutun ne ya ƙara tunzura Ludwika. Ta dubi jakar da ke rataye a kafaɗar matar, baƙa, mai kumburi a gefe guda.

"Bari in tambaye ki kai tsaye. Me kike nema a garin nan? Gida kike so a mayar miki? Lauya ce ke? Ko jarida za ki kai mu?"

Matar ta sauke jakar a kan teburin littafin baƙi, ta zazzage ta. Burodi da cuku a naɗe cikin takarda, kwalbar magani, laima, safa guda biyu masu kauri.

"Likitar haƙori ce ni, na ajiye aiki," ta ce. "Duba da kyau, kada ki bar aljihun gefe."

Ludwika ta ji kunya, amma kunyar ba ta kore zargin ba. Ai waya ma tana ɗaukar magana.

"Na je Auschwitz sau biyu," in ji Mira tana mayar da kayanta ɗaya-ɗaya. "Na je Majdanek, na je Treblinka, manyan sansanonin da aka hallaka mutanenmu. Na ga waya mai ƙaya, na ga tulin takalma. A can komai ya yi girma da yawa, har mutum ya fito yana ganin kamar ba mutane ne suka yi ba. Na dawo ban fahimci komai ba. Nan kuwa ƙarami ne, ana iya lissafawa. Jamusawa nawa kika ce sun zo ran nan?"

"Goma sha ɗaya, da 'yan sanda."

"Kekuna nawa?"

"Wajen arba'in."

"Mutum goma sha ɗaya ba sa tuƙa keke arba'in."

Ta zuge jakar.

"Mahaifiyata tana da shekara goma sha bakwai. A kan idonta aka ɗora uwarta a keke a dandalin can, domin ƙafafunta sun kumbura. Ita ta taka da ƙafa. Da suka isa tasha ta bi kekunan ɗaya bayan ɗaya, ba ta gan ta ba. Daga baya ta diro daga jirgi, ta rayu, ta haife ni, ta shekara tamanin da ɗaya a duniya, kuma har ta mutu tambayarta ɗaya ce: ina aka kai Mama tsakanin kasuwa da tasha? Ba sunan kowa nake nema ba, Pani Ludwika. So nake in san inda zan tsaya. Kilomita bakwai ya yi wa ƙafata yawa."

"Ban san komai a kan wannan ba," in ji Ludwika. Gaskiya ta faɗa, amma sai ta ji maganar ta fito mata kamar ƙarya. Ta duba agogo. "Zan je in ba mahaifiyata magani. Bas ɗinki ƙarfe biyu ne."

Ta kulle ɗakin, ta bar matar zaune a kan benci a waje tana warware burodinta.

A hanya ta yi ta faɗa da matar a zuci, kuma tana cin nasara. Sai da ta wuce kantin magani wata tambaya ta faɗo mata a rai: wa ya fara ba ta labarin dokin? Ba Kaka Walenty ba ne. Shi har ya mutu, tana 'yar shekara tara, ba ta taɓa jin ya ambaci yaƙi ba. Kawu Bronek ne mai bayarwa, a wurin biki, in ya kai kofin giya na huɗu. Wata shekarar hafsa ne ya yi marin, wata shekarar ɗan sanda. Kuma duk lokacin da ya fara, Mama kan tashi ta ce za ta duba tukunya, ko da babu komai a kan wuta. Ludwika ta tsaya cik a bakin titi. Shekararta hamsin da bakwai, sai yau ta lura da tukunyar.

Ta tarar da Mama Tekla a kicin, kwano a cinya, tana ɓarar busasshen wake. Shekararta tamanin da shida, ido ya yi rauni, ƙafa ta ƙi, amma kunne da baki suna nan garau.

"Kin makara. In na mutu don rashin ƙwaya ɗaya, ki gaya wa fada ke ce."

"Ba yau za ki mutu ba, Mama. Buɗe baki."

"Wace ce mai jar hular nan da ke bin gidajen mutane? An ce gidan Gawron sun sako mata kare. Wannan karen ko haƙori ba shi da shi, abin kunya."

Ludwika ta miƙa mata ruwa, ta ja kujera ta zauna, ta ɗebi wake ita ma don hannunta ya sami abin yi.

"Mama, zan tambaye ki abu, kada ki tashi duba tukunya. Dokin Kaka. Da gaske ya yi ɗingishi ran nan?"

"Kasztan? Ƙafar gaba ta hagu. Ƙusa ya taka a bayan maƙera, kwana biyu kafin nan. Ni nake riƙe bokitin ruwan gishiri ana gasa masa. Wa ya ce ƙarya ne? A kawo shi nan."

Wani sanyi ya sauka a zuciyar Ludwika, har ta ji hawaye na neman zuwa. Ta yi dariya.

"Na gode Allah. Na san ba ƙarya ba ne. Shi ya sa bai je ba."

"Bai je ina ba?"

"Kai mutane tasha."

Tsohuwar ta ɗago kai ta dube ta, irin kallon da take mata tun tana yarinya in ta sa riga a bai-bai.

"Ke 'yar nan, an jingina sanda a ƙofarmu, ta yaya zai ƙi zuwa? Wa ya taɓa tsallake sanda? In ka tsallake, maƙwabcinka ne zai yi sau biyu, da wane ido za ka dube shi a coci? Ya je mana. Da ɗingishin da komai."

Waken da ke hannun Ludwika ya zube a ƙasa. Ba ta sunkuya ba.

"Kin gani da idonki?"

"Ina kiwon saniya a gangaren injin niƙa. Shekarata tara. Ta nan hanyar take hawa, kin san wurin, har yau bas sai ya yi nishi. Na ga kekuna suna tahowa, na gane namu tun daga nesa saboda yadda Kasztan ke jefa kai. An cika masa kaya, wajen mutum goma sha biyu. Baba ya sauko yana jan shi da linzami. Sau biyu dokin yana durƙusawa. Baba ya ɗaga ƙafar ya duba, jini ya jiƙa tsumman da muka ɗaure. Na ga fuskarsa, kamar zai yi kuka."

Ta ɓare wani kwanson, ta zuba a kwano.

"Sai ya ce wa mutum huɗu su sauka su taka zuwa sama, in an kai tudu su koma. Ba da tsawa ba, kada ki ce da tsawa. A hankali ya faɗa. Har hannu ya ba wata tsohuwa ta sauko."

"Sun koma?"

"Ai akwai sojoji biyu a bayan layin."

"Mama, sun koma?"

"Tsofaffi ne, Ludwika. Ba su iya hawa ba. Duk wanda ya rage a baya, shi kenan. Na ji ƙarar bindiga sau huɗu. Saniya ta tsinke igiya, na bi ta har rafi, na yanke ƙafa a kan kwalba. Ga tabon nan har yau."

Agogon bango yana ta aikinsa.

"Kaka ya san abin da zai faru in sun sauka?"

"Ban shiga zuciyarsa ba. An riga an harbi wasu tun a kasuwa, kowa ya ji." Tsohuwar ta ɗauki wani kwanson. "Kwana uku bai ci abinci ba. Yana barga, ƙafar dokin a cinyarsa. Kuma ya warke, har shekara shida ya ƙara yana noma. Ba a taɓa yin mai tausayin dabba irin kakanki a garin nan ba, kowa zai gaya miki."

Ta faɗi haka da alfahari na gaske, kuma wannan ne ya fi komai yi wa Ludwika ciwo.

"Marin fa? Bajamushen da ya mare shi?"

"Wane Bajamushe? Kakarki ce ta mare shi, a gaban tanda, da ya shigo. Ba ta ce komai ba, shi ma bai ce komai ba. Bronek ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin. Shi ya ɗauki marin ya ba Bajamushe, ya fi daɗin faɗa a wurin biki."

"Su wa aka sauke? Kin san sunansu?"

"Mata uku, namiji ɗaya. Daga nesa nake, duk baƙin mayafi ne. Kuma ba kekenmu kaɗai ya sauke mutane a wannan gangaren ba, kada ki ɗora wa kakanki duka."

"Ina aka binne su?"

"Hagu da hanya, inda bishiyoyin nan uku suke a tsakiyar gona. Kin taɓa ganin an nome wurin? Gonar ta canza hannu sau uku, kowa ya zo da tarakta sai ya kewaye. Ba wanda ke gaya wa wani. An dai sani."

Ludwika ta san bishiyoyin. Ta wuce su a bas sau dubbai. Ta ɗauka dutse ne a ƙasan.

"Shekara goma sha tara ina tsayawa gaban 'ya'yan mutane ina cewa bai je ba. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Kin taɓa tambaya? Kullum ke kike gaya mana."

Ludwika ta miƙe ta ɗauki rigar sanyinta. Nan take tsohuwar ta cafke mata hannu, da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba.

"Ina za ki? Ba dai wurin mai jar hula ba. Ke, ki shiga hankalinki. Ba ki san ta ba, ba ki san wa ya aiko ta ba. Ni kwana nawa ya rage mini? Ke za ki zauna da mutanen garin nan. In kika buɗe namu, kin buɗe na gida arba'in. Ko burodi ba za a sayar miki da fara'a ba."

"Na sani, Mama."

"Kuma za su karɓe mabuɗin."

"Wataƙila."

"To zauna ki tsince waken da kika zubar mini."

Ludwika ta durƙusa ta tsince shi tas, har wanda ya shige ƙarƙashin kabad. Ta zuba a kwano, ta sumbaci tsohuwar a goshi, ta fita.

Biyu saura minti biyar ta iso dandali. Mira na tsaye a wurin jiran bas, jaka a kafaɗa. A benen ofis labule ya motsa, Pan Lucjan yana bakin aikinsa. Matan kantin burodi su biyu sun fito shan iska, a wannan sanyin.

"Kin zo ki tabbatar na tafi?" in ji Mira.

Ludwika ta tsaya kusa da ita. Har yanzu ba ta yarda da matar ba, ba ta kuma san inda abin da ke cikin littafin nan zai ƙare ba. Tsoro take ji sosai.

Bas ya iso, ƙofa ta buɗe. Mira ta hau. Ludwika ta hau bayanta.

"A'a, Pani Ludwika, yau birni za a leƙa?" in ji direban, wanda ta taɓa zagayawa da ajinsu ɗakin tunawa yana tauna cingam.

"Gangaren injin niƙa za ka tsaya mana. Mu biyu."

"Gangare? Ai babu tasha a can. Ba wanda ke sauka a wurin."

"An taɓa saukewa," in ji ta.

Direban ya dube ta ta madubi, ya dubi jar hular, ya rufe ƙofa. Ludwika ta bi tsakanin kujeru, mutanen garinmu suna janye gwiwa suna binta da ido, ta zauna kusa da baƙuwar. Bas ya tashi.

"Ban san ko kakarki tana cikinsu ba," ta ce, ba ta rage murya ba. "Ba zan taɓa sani ba. Amma akwai inda za ki tsaya. Fito da littafinki."

"Na ce miki ba suna nake nema ba."

"Na ji. Rubuta duk da haka. Walenty Kruk. Dokinsa ya yi ɗingishi da gaske, kuma ya je."